Ɗigon da Na Sa a Bakin Rijiyar Inna

Gara in faɗa tun yanzu cewa ban gama yarda da tunanina ba. Akwai maganganun da na tabbata an yi su, amma ba zan rantse a kan wanda ya fara buɗe baki ba, kuma ina zargin wasu ranaku daban-daban sun manne a kaina sun koma rana guda. Zan rubuta yadda nake tunawa, inda nake shakka kuma in ce ina shakka.

Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a Kwaciri ina jiran aikin da bai zo ba, sai wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke ni aikin wucin gadi. Abin da suke so shi ne a riƙa kai ɗaliban sakandare su ga tsofaffin wuraren Fagge da Sabon Gari, kowane rukuni riƙe da kwamfutar hannu, irin wadda ta fi waya faɗi. A cikinta akwai taswira mai jajayen ɗigo. Idan ɗalibi ya isa daidai inda ɗigo yake, sai ya koma kore ya buɗe: tsohon hoto, muryar wani dattijo yana ba da labarin wurin, da tambayar da za a amsa a samu maki. Idan bai isa ba, ɗigon na nan ja a kulle. Da gangan aka yi haka, don kada yara su sami inuwa su zauna su danne komai ba tare da sun ga komai ba.

Mu biyu aka ba aikin. Abokiyar aikina 'yar Sabon Gari ce, iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Kano aka yanke mata cibiya, kuma Hausarta ta fi tawa yaji. Ita ta san harkar manhajar da ke cikin kwamfutar. Ni tarihi na karanta, don haka nawa shi ne neman labari da sa ɗigo. Sa ɗigon ba wuya: ka tsaya a wurin, ka danna, na'urar ta riƙe inda ƙafarka take.

Tun makon farko abokiyar aikina ta gano halina. Takan ce, "Malama, ke ko tambayarki aka yi ko gari ya waye, sai kin ce bari ki duba tukuna."

"Ai gara mutum ya tabbatar."

"Ki tabbatar da sauri, rana na dukana."

A Sabon Gari aikin ya tafi sumul, domin kusan komai a can titi yake kallo. Tsohuwar majami'a, shagon kafintan da mahaifinta ya koyi sana'a a ciki, wani tsohon bene mai matakalar katako. Sai in tsaya a bakin ƙofa in danna, mu wuce. Fagge ce ta zo da nata salon, don abubuwanta da yawa suna bayan katanga.

Wata maƙwabciyarmu ce ta ba ni labarin rijiyar. Tana cikin wani gidan Barebari a wani lungu da ba zan kwatanta ba. Na yi sallama a soro, na wuce kai tsaye kamar yadda kowace mace take wucewa, na tarar da tsohuwa a kan tabarma a bakin rijiya, cikin lafaya, ƙamshin turaren wuta ya kama tsakar gidan. Kowa Inna yake ce mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi gidanmu. Da ta ji asalinmu sai ta tafa hannu.

"Bafulatana ce ashe! To zauna a ƙasa, baiwata. Kin kawo min nono ko kin zo hannu rabbana?"

Na ce, "Inna, ai mu ne iyayen gidanku."

"Ji ƙarya da rana tsaka. Ku ba ta ruwa, da ganinta daga daji take."

Ruwan rijiyar aka ɗebo mini, mai sanyi da ɗan ɗanɗanon ƙasa. Ta ce kakan mijinta ne ya haƙa ta, a zamanin da fatake ke zuwa daga Borno da kanwa su sauka a nan. A lokacin babu katanga, dabbobi da mutane duk a nan suke sha. Daga baya gida ya yi ta girma har ya haɗiye ta. Ta nuna mini inda igiya ta cinye dutsen bakin rijiyar ta yi masa kwari. Na roƙi in ɗauki muryarta, ta yarda, ta gyara lafaya kamar hoto za a ɗauka.

Sai da na kashe na'urar ta sassauta murya ta gaya mini sauran. Babban ɗanta, Alhaji, mai sayar da yadi a wajen Bata, kusa da kasuwar Sabon Gari, shi ne mai gidan yanzu, kuma ya daɗe yana son a rufe rijiyar. Ya sa an yi burtsatse, yana tsoron jikoki su faɗa, kuma yana neman wurin da zai yi wa ɗansa ɗaki. Ita kuwa a bakin rijiyar nan aka sauke ta ranar da aka kawo ta gidan, a nan ta yi wankan jegonta duka. Ta ce masa sai dai bayan ranta. Bai ƙi ba, bai kuma yarda ba, maganar tana nan a rataye.

Ta nuna kwamfutar da haɓa. "In kika sa ta a cikin wannan abin, gwamnati ta san da ita kenan?"

Na ce ba gwamnati ba ce, ƙungiya ce, kuma ba mu da ikon hana kowa komai.

"Amma mutane za su san da ita."

"Za su sani, Inna."

"Shi kenan. Abin da mutane suka sani ba a binne shi a ɓoye."

Na fahimci sarai abin da take nema a wurina, kuma na ji daɗin zama wadda ake neman abu a wurinta. Na tambaya ko in nemi izinin Alhaji. Ta ce, "Ni na haife shi ko shi ya haife ni?" Na yi dariya na bar maganar. Daga nan inda nake zaune, gwiwata na taɓa dutsen rijiyar, na danna.

Ko kaɗan ban yi tunanin soron da na wuce ba. Mace ce ni, tun ina yarinya nake ratsa soraye da sallama ɗaya, har na daina ganinsu. Da muka dawo gwaji ni da abokiyar aikina, mata biyu ne suka shiga, ba wanda ya tare mu. Ɗigon ya koma kore, muryar Inna ta tashi, ita kuwa ta rufe baki da gefen lafaya tana cewa, "Wace tsohuwa ce wannan mai surutu?" Rukunin farko da aka kai kuma 'yan makarantar mata ne da malamarsu. Ranar Inna ta koya musu jefa guga, ta raba musu dabino, wata yarinya 'yar Sabon Gari ta ce ita ba ta taɓa leƙa rijiya ba sai ranar. Shugabanninmu suka ga hotuna suka ji daɗi, suka ce a saki manhajar kowa ya iya saukewa a wayarsa. Duk gwajin da muka yi, namiji ko ɗaya bai taka ƙofar gidan ba, kuma ba mu lura ba.

Ranar da abin ya faru ba na wurin. Ina tare da wani rukunin a Sabon Gari, don haka abin da zan faɗa ji na yi. Makaranta ce ta maza da mata, 'yan ajin ƙarshe, malaminsu namiji. Malamin ya san ya kamata, ya tsaya a soro ya ce kowa ya tsaya. Amma ɗigon na nan ja, kuma an yi alkawarin kyauta ga rukunin da ya fara buɗe duka. Samarin suka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, ido a kan na'ura, suna jiran ja ya koma kore. An ce wasunsu sun yi sallama, sai dai ba su jira amsa ba. Suka ɓulla tsakar gida, matar Alhaji na wanki da ɗaurin ƙirji, 'yan matan gidan ana yi musu kitso kai a buɗe. Aka yi ihu, maƙwabta suka fito. Malamin ya ba da haƙuri har muryarsa ta dishe.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da an manta. Amma a kwanakin da suka biyo wasu samari da suka sauke manhajar a wayoyinsu suka riƙa zuwa ɗai-ɗai. Wani aka same shi a soro ya miƙa hannu ta ƙofar ciki da waya, wani kuma ya hau dakali yana ɗaga tasa ta kan katanga. Ba na jin da mugun nufi suka zo. Ɗigo suke bi, ni kuwa na sa shi inda bai kamata su kai ba.

Abokiyar aikina ta matsar da ɗigon zuwa ƙofar gida a ranar da muka ji. Amma ta gaya mini cewa wayoyin da suka riga suka sauke tsohuwar taswira za su ci gaba da nuna tsohon wurin har sai masu su sun sabunta, kuma ba mu da hanyar tilasta musu. 

Mahaifiyata ta ce, "Ki ɗauki kawunki ku je wurin Alhaji. Shi zai yi magana. Ke ki durƙusa ki ce a yi haƙuri, ba za a sake ba, ki ja bakinki ki yi shiru."

Na ce, "Umma, Kawu bai san yadda abin yake aiki ba. In Alhaji ya yi tambaya wa zai amsa?"

"Ba tambaya za ku je amsawa ba. Ban haƙuri za ku je."

Ban ji maganarta ba. A raina ina ganin mutumin da aka yi wa laifi ya cancanci cikakken bayani, kuma kai dattijo ya rufe bakin magana wata irin dabara ce. Na tafi da abokiyar aikina, na ma shirya yadda zan zana masa taswirar.

Alhaji ya karɓe mu a soro bayan la'asar. Na zaci faɗa zan tarar, sai na sami mutum mai sanyin magana, har ya sa aka kawo mana lemo. Muna cikin gaisawa Inna ta fito da sandarta ta zauna a bakin ƙofar ciki, inda ba ta saba zama ba. Na ba da haƙuri, ya ce ba komai, ya san ba da gangan ba ne. Abokiyar aikina ta ce an riga an matsar da ɗigon, daga yanzu a ƙofar gida zai riƙa buɗewa.

Ya ce, "Madalla. To Malama, ke kika shigo gidan nan tun farko, don haka ke zan tambaya. Wani namiji zai sake shigo mini gida saboda wannan abin?"

Abokiyar aikina ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ji ta sarai, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ce a'a."

Ni kuwa na ce, "Alhaji, a gaskiya ba zan iya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari ba." Na shiga bayanin tsohuwar taswira da sabuwa, da masu wayar da ba sa sabuntawa saboda tsadar data, da cewa mai yiwuwa abin ya ragu sosai, amma zai yi wuya a ce ya ƙare gaba ɗaya nan kusa. Ina magana ina jin muryata kamar ta wata.

Inna ta buga sandarta a ƙasa. "Ke Bafulatana, ba karatu aka ce ki yi mana ba. Ki ce in Allah ya yarda ba za a sake ba."

Na ce, "In Allah ya yarda, Inna, amma dai..."

Wannan "amma dai" ɗin ban san inda na samo shi ba. Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na gode da kika faɗa mini gaskiya, Allah ya yi miki albarka." Sannan ya juya wajen mahaifiyarsa, cikin ladabi ƙwarai, ya ce, "Inna, kin ji da kunnenki. Ba ni na faɗa ba. Ina da mata a gidan nan, ina da 'ya'ya mata. Muddin rijiyar nan tana buɗe, akwai abin da za a zo nema."

Inna ta dafa bango ta miƙe ta koma ciki.

A adaidaita sahu, muna maƙale a cunkoson Bata, abokiyar aikina ta kasa haƙuri. "Wallahi Malama, ni da ba Bahaushiya ba na fi ki sanin Hausawa. Mutumin nan ba injiniya yake nema ba. So yake wani ya ɗauki nauyi a gaban uwarsa, in an sake ya san ƙofar da zai buga."

"To in na ce a'a kuma aka sake fa? Na yi ƙarya kenan."

"Sai ki koma ki sake durƙusawa! Gwiwarki ta ƙare ne?"

Mai adaidaitan ya yi dariya, bai ma san kan zancen ba. Can da ta huce sai ta ce kada in ɗora wa kaina duka, mutumin ya daɗe da yanke shawara, hujja kawai yake jira, ko ban ba shi ba wani zai ba shi. Mahaifiyata kuwa ta ce da Kawu ne ya zauna a soron ya ba da kalmarsa, Alhaji ba zai iya tsallake dattijo a gaban uwarsa ba, aƙalla ba a wannan shekarar ba. Har yau ban san wadda ta fi gaskiya a cikinsu ba. Wani lokaci ina ganin Alhaji yana da hujjarsa tun kafin mu zo, don rijiya a gidan yara abin tsoro ce, kuma ba laifi ba ne mutum ya kare iyalinsa. Amma na san Inna ta riƙe maganar shekara da shekaru ita kaɗai, kuma a hannuna ta suɓuce.

Ba a daɗe ba maƙwabciyarmu ta ce ta ga an sauke yashi da rodi a ƙofar gidan. Na yi ta ɗaga zuwa, yau ciwon kai, gobe aiki. Da na je, an zuba kankare a bakin rijiyar, an fara jera bulo a kai. Dutsen da igiya ta ci an jingine shi a bayan banɗaki. Inna na ƙofar ɗakinta a kan tabarma, rana na dukan ƙafarta, don inuwar tana can inda ake ginin.

Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce abin da Allah ya rubuta ne, ta tambayi mahaifiyata, ta sa aka kawo mini ruwa a leda. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Muna kallon birkila yana aiki, sai ta ce akwai abin da take so.

"Muryar nan tawa, ki cire ta."

"Inna, ai labarin yana da amfani ko da..."

"A ciki na ce ruwanta bai taɓa ƙafewa ba, duk mai so ya zo ya leƙa. Yanzu in yaro ya tsaya a ƙofa ya ji haka, ya ce tsohuwar nan maƙaryaciya ce. Ki cire, kada wani ya sake ji."

Na san abin da na sani: daga sabuwar taswira za a iya cirewa a ranar, amma a tsofaffin wayoyi muryar na nan, ba mai iya kai hannu gare ta. Bayanin ya taho har bakina. Na haɗiye shi na ce, "An gama, Inna. Ba wanda zai sake ji."

Ta ce, "Yawwa."

Mun cire daga inda muke da iko. Sauran alkawarin kuwa ban cika ba, kuma ba zan iya cikawa ni kaɗai ba. Na zaci faɗin abin da ake so a ji zai sauke mini nauyi, sai na tarar wani nauyin ne daban. Aikin ƙungiyar ya ƙare a ƙarshen wannan zangon karatun, aka tattara kwamfutocin aka mayar. Inna na nan da rai a lokacin da nake wannan rubutun, ina zuwa gaishe ta jefi-jefi, ba ma tayar da zancen.

Don haka ina roƙon duk wanda tsohuwar manhajar take cikin wayarsa har yanzu, ko a wata wayar da ya jefa a durowa, ya taimake ni ya goge ta.

Waɗanda kuma suka ga abin da idonsu, malamin da ya tsaya a soro, ɗaliban da suka shiga, abokiyar aikina, da mutanen gidan in wannan ya kai gare su, ina roƙon su gyara mini. Wataƙila na tsawaita abin da na faɗa a soron, ko na gajarta shi don in rage wa kaina kunya. Wataƙila kuma ban yi wa Alhaji adalci ba, tunda ta bakin mahaifiyarsa na fara saninsa. Duk wanda ya tuna abin ba haka ba, ya aiko mini ta hannun wanda ya ba shi wannan rubutun, zan gyara in kuma faɗi inda na gyara.